Girkin da matar yayana ta yi wa mamaci

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, na yi wata ɓarna da bakina wadda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ban taɓa ba ku labarin ba. Jiya ne wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini hotunan bikin da mutanen Meksiko ke yi wa mamatansu, tana tambaya ko na taɓa ganin irin wannan abin mamaki. Na ce mata na gani da idona, a unguwar Kambarawa ma kuwa, nan cikin Katsina. Ta ɗauka zolayarta nake yi.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai. Aurena ya mutu, na dawo gidanmu a unguwar Gobarau, daga ni sai mahaifiyata a gida mai ɗaki shida. Da safe in je firamare in koyar, da yamma in tafi Islamiyyar matan aure. Shekarata biyu kacal a Islamiyyar, amma ji nake kamar na haɗiye duk littattafan garin. Ba wanda zai yi atishawa a gabana ban gaya masa hukuncinta ba. Ƙawayena duk suna ɗakunan mazansu, kun kuma san yadda ake yi da bazawara, ana sonki amma ba a son ki cika zuwa. Da bakina ya rasa abokin hira, sai ya koma wa'azi.

Yayana, ɗan farin mahaifiyata, malamin gona ne. Tun ina budurwa aka tura shi Meksiko kwas a kan irin masara. Ya shekara biyu, ya dawo da takardar shaida, ya kuma dawo da mata. An yi surutu har aka gaji aka bari. Kirista ce, ba ta canza ba, shi ma bai matsa mata ba. 'Yan unguwa na ce mata Baturiya, alhali in ta ɗaura zani ta yafa mayafi sai ka rantse Buzuwa ce. Shekara goma sha huɗu ta yi a Katsina, a gidansu na Kambarawa. Hausa a bakin mahaifiyata ta koye ta, ta iya tuƙa tuwo, ta iya durƙusa gaisuwa, azumi ma tare take yi da mijinta don kada ya yi sahur shi kaɗai. Allah bai ba su haihuwa ba. Iyayenta sun rasu tana nan, ƙanenta guda ɗaya kuma ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa. Ta taɓa gaya mini cewa in aka cire Katsina, duk duniya ba ta da ƙofar da za ta yi sallama a gane muryarta.

Sati biyu da rantsar da sabuwar gwamnati, fastocin 'yan takara ko kodewa ba su yi ba a jikin katangu, yayana ya kwanta ciwon kwana biyar. A na shida aka kai shi makwanci.

Ranar, matar yayana ta faɗi a tsakar gida tana kiran sunansa da ƙarfi, mata suna riƙe ta suna cewa ta yi shiru, kuka ba ya yi wa mamaci amfani. Mahaifiyata kuwa tana kan tabarma da carbi, idonta a bushe. Kun san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu na da. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, in za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan", ko da furfura ta fara fito masa. Masu gaisuwa na cewa Allah ya jiƙansa, ita tana amsawa kamar ɗan maƙwabta aka rasa.

Ba wanda ya ce matar yayana ta yi takaba. Ita ta kawo kanta ta tambayi yadda ake yi, ta kuma yi, wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Wannan ya shiga ran mahaifiyata. A gaban baffana, ƙanen mahaifinmu, wanda maganar gidanmu ke hannunsa tun rasuwar babanmu, ta ce mata: "Ɗiyata, gidan Kambarawa ki zamna abinki. Ba mai tashe ki in dai ina numfashi." Baffa bai so ba, na ga fuskarsa. Abin da ita matar take so ke nan, ta ƙare rayuwarta a garin da mijinta ke kwance.

Ni aka ɗora wa kai mata kwano. Kullum in na taso daga makaranta sai in ɗauki abincin da mahaifiyata ta zuba mata, in hau kabu-kabu zuwa Kambarawa. Da farko aike ne kawai. Daga baya na ga ina ɗokin lokacin ya yi. Mu zauna a baranda, tana ba wa wasu furanni ruwa, waɗanda ta shuka a gwangwanayen madara tun farkon damina, ina ba ta labarin makaranta da na tsohon mijina, tana dariya har ta riƙe ciki. Wani lokaci mu yi shiru mu biyu, kowa da abin da ke ransa, kuma shirun ba ya yi mana nauyi. In faɗi gaskiya, a wannan shekarar ita kaɗai ce ƙawata.

Ta fita takaba a ƙarshen Oktoba. Bayan 'yan kwanaki, ranar ɗaya ga Nuwamba, na isa da kwanona kamar kullum.

Tun daga ƙofar gida na ga abin da ban gane ba. Ta tsinke furannin nan duka, masu ruwan ɗorawa, ta marmasa su ta yi siririyar hanya da su daga bakin ƙofa har cikin falo. Ƙamshin turaren wuta ya cika gidan. Na bi hanyar ina ɗaga zani kada in taka. A falo ta jera akwatuna a kan tebur hawa uku, ta lulluɓe da farin ƙyalle. A can sama hoton yayana ne cikin gilashi, gefensa hoton wani dattijo mai gashin baki da wata tsohuwa, iyayenta. Ga kyandirori suna ci da rana tsaka. Ga hularsa, ga rediyonsa, ga masara guda uku ta irin da ya zo da shi. Ga kofin ruwa da ɗan gishiri a faranti. Ga kilishi, ga goro, ga fura a ƙwarya da ludayi a ciki, ga wani burodi mai zaƙi da ta gasa da kanta. Sama kuma ta rataya takardu masu launi da ta yanyanka da almakashi. Daga kicin ina jin tukwane na tafasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Sai ga ta ta fito cikin atamfa mai haske, ta yi kitso, fuskarta a sake. Rabona da ganin ta haka tun kafin rasuwar.

"Ƙanwata, sannu da zuwa! Kin ga na gama da wuri."

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Na yayanki ne. A ƙasarmu gobe ce ranar mamata. Sau ɗaya a shekara suna zuwa gida su gan mu. Furen don kada ya ɓata hanya ne, ruwan kuma don ya sha, tafiyar da nisa." Ta gyara zaman hular tana murmushi. "Ki gaya wa Inna ta zo gobe da rana, ke ma ki zo, da duk wanda ya san shi. Na yi girki da yawa. Za mu zauna mu ci, mu yi ta hirarsa."

Daga "suna zuwa gida" ban sake jin komai da kyau ba. Na dubi hoton, na dubi kyandir, na dubi ƙwaryar furar da aka ajiye wa wanda ya wata huɗu a ƙasa, duk karatun Islamiyyata ya taso mini a wuya lokaci guda. Na dire kwanon a ƙasa, na ce a'uzu billahi a fili, na juya. Tana kirana, "Ƙanwata, tsaya mana," ni kuwa har takalmina ɗaya sai da ya cire a ƙofa. Ban yi mata tambaya ko ɗaya ba, ni da nake koya wa yara cewa mai tambaya ba ya ɓata.

Da na iske mahaifiyata ita kaɗai, wataƙila da abin ya tsaya a ɗaki. To, ranar matan unguwa sun cika tsakar gidanmu, ana rabon atamfar da matar sabon kansila ta aiko ta godiyar zaɓe. Mace ta fi ashirin. Ni kuwa da na ga taro, sai malamar ta motsa. Ko zama ban yi ba na fara. Na faɗi hoto, na faɗi kyandir, na faɗi hanyar fure. Na ce ta ce da bakinta gobe zai dawo. Maganar gayyata da girkin da ta yi wa mutane kuwa, ban ko ambata ba. Ba wai na ɓoye da gangan ba ne, labarin ne ya fi daɗi ba tare da ita ba.

Aka yi ta salati. Wata tsohuwa da ke ninke atamfarta ta ce, "Yo dama! Mutum da ƙarfinai, ciwon kwana biyar? Ai ruwa ba ya tsami banza."

Na ji ta sarai. Na san abin da take nufi, na kuma san ƙarya ne, domin a gabana matar nan ta kwana biyar a tsaye a kan mijinta. Amma ban ce uffan ba. Kowa ni yake kallo, an daɗe ba a saurare ni haka ba, kuma na ji daɗin hakan. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa a duk labarin nan.

Kafin magariba zance ya gama Gobarau, washegari ya riga ni isa makaranta. Ina dawowa gida, sai ga baffa ya zo da sandarsa. Ya ce dama ya faɗa tun shekara goma sha huɗu. Ya ce daga yau ƙafar kowa ta fita daga Kambarawa, kwano ya tsaya, bayan sallar azumi kuma ta san inda dare ya yi mata, ba za a bar gidan Musulmi ya zama ɗakin tsafi ba. Mahaifiyata kanta a sunkuye, tana jan carbi. Da ya gama ta ce, "To, Malam." Shi ke nan abin da ta ce.

Ranar ce ranar da aka gayyace mu. Ba wanda ya je.

Bayan kwana uku, da la'asar, na ji sallamar matar yayana a zaure. Na san muryar. Mahaifiyata na bayan gida tana alwala, ni kaɗai ce a tsakar gida. Ta yi sallama sau uku. A na ukun na matso bayan ƙyaure, ban buɗe ba, na ce, "Inna na barci." Ta ce, "To, in ta tashi a gaishe ta. Ga kwanonku nan." Na ji tafiyarta tana nisa. Da na leƙa, kwanon na nan a wanke tas, da takalmina ɗaya a gefe cikin leda, a cikin kwanon kuma burodin nan ne guda huɗu. Na zuba wa awaki.

Daga nan gidanmu ya koma shiru. In dawo daga makaranta in rasa inda zan sa kaina. Lokacin kai kwano ya yi, sai in ga na miƙe tsaye ba dalili, in koma in zauna. Matan da suka kewaye ni ranar rabon atamfa ba wadda ta sake nemana, sun samu abin da suke so. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini hira. Sai mu wuni ba mu haɗa magana goma ba. Ina ta gaya wa kaina cewa gaskiya na faɗa, addini na kare, amma abin ya ƙi kwanta mini.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, wata Juma'a ban je makaranta ba saboda zazzaɓi. Na san duk Juma'a mahaifiyata na yin ɗanwake ta aika masallacin unguwa sadaka, tun bayan rasuwar, amma kullum ina makaranta ake yi. Ranar ina kwance a ɗaki, taga a buɗe. Na ga ta gama, ta zuba a wani tsohon akushi da ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsa ba, ta kwarara man gyaɗa, ta barbaɗa yaji. Maimakon ta rufe ta aika, sai ta ɗauka ta nufi ɗakin da ke kusa da zaure, inda yayana ya yi samartakarsa. Ta zauna a bakin ƙofar, ta ajiye akushin a gabanta. Ta manta ina gida.

Na ji ta a hankali tana cewa, "Ga shi nan. Ban cika kanwa ba yau. Yajin ma na daka sabo, irin mai tahwarnuwa da kake so." Ta gyara zaman akushin. "Wancan satin ya ɗan yi tauri, garin ne bai yi laushi ba."

Ta jima a zaune, tana goge ido da bakin zani. Sannan ta yi addu'a ta shafa, ta rufe akushin.

Ban san sanda na fito ba. Da ta gan ni ta kawar da kai kamar yarinyar da aka kama tana satar nama. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Can na ce, "Inna, maganar da na kawo ranar nan, ban faɗe ta duka ba." Na gaya mata sauran. Na ce gayyatarmu ta yi, ta dafa abinci tukunya-tukunya, ta ce a zo a zauna a yi hirarsa.

Na ɗauka za ta rufe ni da faɗa. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, tun rannan akwai abin da nike son tambayarki, mutane sun yi yawa. Mi ta aje mashi?"

"Na'am?"

"Abincin. Mi da mi ta aje?"

Na lissafa mata, kilishi, goro, burodi, fura.

"Hurar, ta sa sukari?"

Na ce ban ɗanɗana ba.

"Ba ya son sukari a hura. Tun yana yaro." Ta miƙe tana dafa bango. "Ɗauko mani mayafina."

Na ce, "Baffa fa?"

Ta ce, "Baffanki ya haifa mani shi?"

Mahaifiyata ba ta taɓa hawa kabu-kabu ba sai ranar. Ta riƙe rigar mai babur da hannu biyu tana salati tun daga Gobarau har Kambarawa, ni ina biye a wani.

Mun iske ƙofa a buɗe. Gwangwanayen baranda duk sun bushe. A falo akwatunan da ta yi hawa uku da su suna ƙasa, an cika su da kaya an ɗaure da igiya. Teburin ba komai a kansa sai hoton yayana. Ta fito daga ɗaki, ta rame har wuyanta ya fito. Da ta ga mahaifiyata sai ta zube a ƙasa ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi ƙafa, ta tambayi baffa. Ni ma ta ce, "Ƙanwata, sannu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahaifiyata ta zauna a kan tabarma, ta ɗaga kai ta ga hoton. Ban taɓa ganin ta kalli fuskar ɗanta ido da ido a gaban mutane ba, ko yana raye. Ta kalle shi ta kalle shi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Matar yayana ta matso ta dafa gwiwarta. Ba wadda ta ce wa wata ta yi haƙuri.

Da ta natsa ta ce, "Ɗiyata, kwance kayan ga. Na ce maki ba mai tashe ki, na kuma yi shiru aka tashe ki. Laihina ne. Malam ni zan ji da shi."

Matar yayana ta girgiza kai. Ta ce ta riga ta rubuta wa wata 'yar gwaggonta a can, ta amsa za ta ba ta ɗaki. Ta ce mai tumatirin da ta shekara goma tana saye a wurinta yanzu ba ta karɓar komai daga hannunta, sai dai ta ce ta ajiye a ƙasa. In ta fito, maƙwabta janye 'ya'yansu suke yi.

"Wannan duk zan iya daurewa, Inna," in ji ta. "Amma ranar nan na dafa abincin mutum ashirin. Na shimfiɗa tabarmi har baranda. Na zauna tun azahar, duk babur da ya wuce sai in miƙe. A wurinmu ba don su ci ake yi ba, mun san ba sa ci. Ana yi ne don in sun leƙo su ga gida a cike, su ga ba a yar da nasu ba, hankalinsu ya kwanta. Shi kuwa in ya zo, ni kaɗai ya tarar a tsakiyar tukwane. Kunyarsa na ji, Inna. Ba zan iya bari ya sake ganina haka ba."

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Yaya, ni ce. Ni na kai maganar, na kuma kai ta a karkace. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani. Tsoro kika ji. Na yafe tun ranar." Ta dube ni. "Amma wata huɗu muna zama a barandar nan ni da ke. Da kin tambaye ni."

Ranar mun kai har bayan la'asar. Mahaifiyata ta tambaye ta ko ta sa sukari a furar, ta ce haba Inna, shekara goma sha huɗu, ai ko ƙwaya. Suka yi dariya da hawaye a fuska. Daga nan hira ta ɓalle. Matar yayana ta ba da labarin yadda ya fara cin barkonon ƙasarsu yana cika baki shi Bakatsine ne, ya ƙare da kai a ƙarƙashin famfo. Mahaifiyata ta ba da labarin yadda yana ɗan shekara shida ya zuba ƙasa a tukunyar miyarta sabuwa ya shuka masara, ya kuma tsare tukunyar da kuka har sai da ta tsiro. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa jin labarin nan ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina saurare, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya sa ni a ciki, haka ya dace.

Mahaifiyata ta sake roƙonta sau biyu a cikin azumi, baffa ma da kansa ya sauko ya aika a ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Bayan salla da kwana huɗu na raka ta tasha da safe, ta hau motar Kano inda za ta shiga jirgi. Mun yi ta musayar wasiƙa wajen shekara shida, ita da Hausarta mai karkatattun baƙaƙe, ni ina karanta wa mahaifiyata. Ta ce tana aiki a wani shagon ɗinki, ta ce 'yar gwaggon tata ta rasu, ta koma haya ita kaɗai. Bayan rasuwar mahaifiyata na rubuta mata sau uku. Biyu ba amsa, ta ukun ta dawo mini a rufe.

Kada wani ya karanta wannan ya ce malama ta fara kunna wa matattu kyandir. Har gobe ban yarda mamaci na dawowa ba, kuma abin da addinina ya koya mini in yi wa nawa shi ne addu'a da sadaka, su nake yi. Amma matar nan ba ta ce in yi sujada ga hoto ba. Cewa ta yi in zo in ci abinci in yi hirar yayana. Ina iya zuwa in zauna a baranda. Ina iya cewa, Yaya, wannan ban da ni, amma ga ni na zo. Ina iya yin shiru ma kawai. Duk waɗannan hanyoyi suna buɗe a gabana, na bar su na zaɓi wadda za ta sa mata ashirin su juyo su kalle ni. Na daɗe ina kiran abin kishin addini. Yanzu da na tsufa na san kaɗaici ne ya yi mini yawa, na sayar da ƙawata guda ɗaya don a saurare ni na rabin sa'a.

Yau ni kaɗai ce a gidan Gobarau, ɗakuna biyar a kulle. In matar yayana tana raye ta haura saba'in. In kuma ta rasu, ban san ranar ba, ban san wanda ya tsaya a kanta ba. Da a Katsina ajalinta ya same ta, ko ba kowa akwai ni, da na shimfiɗa tabarmi na zauna karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo in gaya masa wace ce ita. A can kuwa, a ƙasar da kowane gida ke fito da hotunan mamatansa sau ɗaya a shekara, ba ta da ɗa, ƙanenta ya ɓace, ba ta da wanda zai fito da nata. Mutanen da take da su a duniya a garin nan suke, ni na raba ta da su.